Yadda Ake Tsara Waƙa Kan Yanke Tsammani da Rushewar Buri a Kurkuku

Waƙar kurkuku tana cikin waƙoƙin da suka fi ruɗin sabon marubuci, domin jigonta yana da nauyi tun kafin a ɗora masa alƙalami, sai marubucin ya zaci wannan nauyi zai ɗauke masa wahalar aiki. Shi ya sa ake yawan cin karo da baitoci cike da kuka da hawaye da duhu da sarƙa, amma mai sauraro ya kai ƙarshensu zuciyarsa ba ta motsa ba. Wannan jagora ta ginu a kan abubuwa biyu. Na farko, ana gane yanke tsammani ne daga abin da ɗaurarre ya daina yi, ba daga yawan ambaton baƙin cikinsa ba. Na biyu, buri ba ya rushewa a kunnen mai sauraro sai idan an fara nuna masa shi a tsaye.

Mataki na farko: tantance wanda yake magana

Kafin ka rubuta ɗango, wato layin waƙa, ko ɗaya, ka san wane ɗaurarre ne zai yi magana a waƙarka, domin mazauna gidan yari ba halinsu ɗaya ba, kuma tsammaninsu ba ta hanya ɗaya yake mutuwa ba. Wanda aka yanke wa shekaru sanannu yana da ranar da yake ƙirgawa, saboda haka abin da yake tsoro shi ne ya fito ya tarar duniya ta wuce shi. Mai ɗaurin rai-da-rai ba shi da wannan rana, sai dai ya rataya zuciyarsa ga ɗaukaka ƙara ko afuwa. Wanda aka yanke wa hukuncin kisa yana sauraren kowane taku a bakin ƙofa. Mai jiran shari'a kuwa, wanda ba a tabbatar masa da laifi ba kuma ba a sallame shi ba, shi ne wanda tsammani ya fi azabtarwa, domin duk ranar da aka kai shi kotu sai burinsa ya farfaɗo, a ɗage zama, ya koma ɗaki da shi a mace. Idan ka cakuɗa waɗannan mutane huɗu a murya ɗaya, waƙar za ta zama ta kowa, kuma ba za ta zama ta wani ba.

Sannan ka yanke shawara ko mai maganar ya aikata abin da ake tuhumarsa da shi ko bai aikata ba. Yawancin marubuta suna rugawa ga wanda aka zalunta, domin tausayinsa yana zuwa da sauƙi. A ganina muryar mai laifi ta fi zurfi, ko da yake ta fi wuyar sarrafawa, saboda shi ba shi da wanda zai ɗora wa alhakin rushewar burinsa, da hannunsa ya rusa shi, kuma kullum yana kwana da wannan sani. Duk wanda ka zaɓa, kada ka mai da waƙar takardar kare kai a gaban alƙali. Bayanin yadda aka kama shi da wanda ya yi masa sharri bai kamata ya wuce baiti ɗaya ko biyu ba.

Mataki na biyu: tara kayan aiki

Idan kai ne ka yi zaman, kayan aikinka suna cikin kanka, abin da ya rage shi ne zaɓe. Idan ba ka taɓa yi ba, wajibi ne ka saurari waɗanda suka yi, ko iyalansu da suka yi zaryar ziyara, bayan ka bayyana musu abin da za ka yi da maganarsu kuma sun yarda. Kada ka tambaye su yadda suka ji, domin amsar da za ka samu ita ce “da wuya”, kuma ba a gina baiti da wannan. Ka tambaye su abin da suke fara ji da kunne idan gari ya waye, da yadda suke gane lokaci idan babu agogo, da inda hasken rana yake sauka a bango da kuma lokacin da yake gushewa, da abin da ake yi a ɗaki idan aka kira sunan wani don ziyara ba a kira nasu ba, da ranar da suka lura cewa wasiƙa ta daina zuwa. Daga irin waɗannan amsoshi ake samun ƙarar makulli, da ƙirgar fursunoni safe da yamma, da lambar da ta maye gurbin suna, da muryar gandiroba da mutum yake ganewa tun kafin ya ga fuskarsa.

Ka kuma san bambancin cunkoso da kaɗaici, domin azaba biyu ce mabambanta. A ɗaki mai cunkoso mutum yana rasa wurin da zai keɓe da tunaninsa, a ɗakin kaɗaici kuwa tunanin ne yake cinye shi. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, waɗanda aka amince da su a 2015 aka kuma sa musu sunan Nelson Mandela, sun bayyana tsarewar kaɗaici da cewa ita ce a killace mutum awa 22 ko fiye a rana ba tare da cuɗanya ta haƙiƙa da mutane ba, sun kuma haramta ta idan ta wuce kwana 15 a jere. Wannan adadi ba zai shiga baitinka ba, amma zai sa ka fahimci dalilin da ya sa mai magana daga irin wannan ɗaki yake hira da bango ko da ƙwaro, kuma kwanaki suke rikice masa.

Mataki na uku: gina burin kafin ka rusa shi

A nan ne waƙoƙi da yawa suke faɗuwa. Marubuci zai ce “burina ya rushe” ba tare da ya taɓa gaya mana mene ne burin ba, alhali mai sauraro ba zai yi jimamin abin da bai gani ba. Ka zaɓi buri ɗaya, ƙarami, wanda ido zai iya gani: ɗakin da aka kai ginin lintal ba a rufa ba, karatun da saura shekara ɗaya a kammala, auren da aka sa wa rana, ko yarinyar da aka bari tana rarrafe. Manyan kalmomi irin su 'yanci da adalci da makoma suna da wurinsu, amma ba sa kama zuciya sai an rataya su a jikin wani abu da ake taɓawa.

Tarihin adabi ya nuna ƙarfin wannan hanya. Mu'utamid bin Abbad, sarkin Ishbiliya a ƙasar Andalus, wanda Murabiɗai, masu mulkin Maroko a lokacin, suka tuɓe a 1091 suka tsare shi a Agmat kusa da Marrakesh har ya rasu a 1095, ya rasa mulki da dukiya da dakaru. Amma baitocinsa da aka fi tunawa su ne waɗanda ya yi a ranar idi, lokacin da 'ya'yansa mata suka zo gaishe shi cikin tsummoki, babu takalmi, suna kaɗi domin a biya su. Faɗuwar daula guda ta taru a ƙafafun 'yan mata marasa takalmi, kuma wannan ya fi duk wani lissafin garuruwan da aka ƙwace.

Ka ba burin nan baiti biyu ko uku yana raye, ka bar mai maganar ya tuna shi da daɗinsa, har mai sauraro ya fara sa rai tare da shi. Bayan haka ne za ka nuna yadda lokaci ya cinye shi.

Mataki na huɗu: tsara yadda tsammani yake mutuwa

Tsammani ba ya mutuwa rana ɗaya, don haka warwarar jigonka ta bi shi daki-daki. Da farko ɗaurarre yana ganin kuskure ne za a gyara cikin mako. Daga nan sai ya shiga ƙirga, yana zana kwanaki a bango, yana jiran lauya, yana tsara abin da zai fara yi ranar fita. Sai ziyara ta fara ja baya, daga mako zuwa wata, daga wata zuwa shekara. Sai labarai su riƙa iso masa a makare, ya ji rasuwar mahaifiya bayan an yi kwanaki da binne ta, ko ya ji an ɗaura wa wadda yake nema aure da wani. Matakin ƙarshe shi ne wanda ya fi shiru, kuma shi ne zuciyar waƙar: ya daina ƙirga, ya daina tambaya, ya daina ɗaga kai idan an buɗe ƙofa. Ba dole ba ne ka bi wannan jeri daga farko zuwa ƙarshe, kana iya farawa daga shirun ka koma baya, amma dole kai marubuci ka san a wane mataki kowane baiti yake.

Akwai wata matsala da marubuci mai imani zai ci karo da ita, kuma gara ya fuskance ta tun da wuri: ɗebe ƙauna daga rahamar Allah abin hani ne, to yaya za a yi waƙa a kan yanke tsammani? Mafita tana cikin rarrabe abu biyu. Yanke tsammani daga mutane, daga kotu, daga dangi da abokai, har ma daga komawa rayuwar da aka sani, hali ne na ɗan Adam da za a iya bayyanawa ba tare da an taɓa aƙida ba. Ƙissar Annabi Yusuf ta ƙunshi wannan duka: ya roƙi abokin zamansa da za a saki ya ambace shi a wurin sarki, mutumin ya manta, ya ci gaba da zama shekaru a kurkuku. A cikin surar kuma mahaifinsa Annabi Yaƙub ya kai kukan baƙin cikinsa ga Allah, sannan a ayar da ke biye ya hana 'ya'yansa yanke ƙauna daga rahamarsa. Saboda haka kuka da tawakkali suna iya zama a waƙa ɗaya. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne a yi amfani da tawakkali a matsayin hanyar gudu, wato a yi gaggawar rufe ciwon da wa'azi tun mai sauraro bai ji zafinsa ba.

Mataki na biyar: zaɓi zubi da kari da amsa-amo

Ga irin wannan jigo, ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ta fi dacewa da mai farawa, domin gajartar baitin tana tilasta taƙaita magana, kuma ɗaurarren da ya gaji ba ya dogon zance. Ƙwar huɗu da ƙwar biyar suna ba da filin ba da labari, amma suna buƙatar ƙaramin amsa-amo a cikin kowane baiti ban da babban amsa-amon da yake rufe shi, kuma wanda bai ƙware ba yakan cika ɗangogin tsakiya da ciko don kawai ya kai adadi. Baiti goma sha biyu zuwa ashirin sun isa. Waƙar yanke tsammani idan ta yi tsawo tana komawa ƙorafi.

Kari shi ne ƙashin bayan rubutacciyar waƙa, kuma a Hausa ana auna shi da nauyin gaɓa. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar “da” ko gaɓar farko ta “wata”. Gaɓa mai nauyi ita ce mai dogon wasali, ko tagwan wasali, ko wadda ta ƙare da baƙi, kamar “kai” da “bar” da gaɓar farko ta “suna”. Tun da rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, kunne ne alƙali, dole ka furta kalma kafin ka auna ta. Yawancin ma'aunan da marubutan Hausa suka gada sun samo asali daga ilimin aruli, wato ilimin auna waƙar Larabci, wanda Halilu bin Ahmad ya tsara a Basra a ƙarni na 8, kuma daga cikinsu Mutadarik ya fi sauƙin kamawa. Yadda aka saba amfani da shi a Hausa, ɗango yana da ƙafa huɗu: uku na farko kowace ko dai gaɓa biyu masu nauyi, ko biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi, ƙafar ƙarshe kuma marar nauyi ɗaya da mai nauyi ɗaya. Wannan kari yana da wata fa'ida ga jigonmu: idan ka jera gaɓoɓi masu nauyi, ɗangon yana tafiya a hankali kamar mai jan ƙafa da mari, idan kuma ka sa marasa nauyi sai ya yi sauri. Saboda haka ka ba baitocin tuna buri ƙafafu masu sauri, ka ba baitocin shiru masu nauyi.

Kada ka ɗauki kari a matsayin ado kawai. Ga wanda yake tsare, shi ne ma'ajiyar waƙa, domin abin da yake da kari da amsa-amo ya fi zama a ka idan babu takarda ko an ƙwace ta. Irina Ratushinskaya, wadda hukumomin Tarayyar Sobiyet suka tsare daga 1982 zuwa 1986, takan rubuta baitocinta a jikin sabulu da tsinken ashana, ta haddace su, sannan ta wanke. Abdilatif Abdalla na Kenya, wanda ya yi zaman kaɗaici daga 1969 zuwa 1972, ya rubuta waƙoƙinsa na Swahili a takardar bayan gida, kuma a kan ma'auni da amsa-amon gargajiyar harshensa ya tsara su.

Game da amsa-amo, kafin ka ɗaure kanka da wata gaɓa, ka jera aƙalla kalmomi ashirin da suke ƙarewa da ita, waɗanda kuma suka dace da ƙafar ƙarshe ta karinka. Idan ka zaɓi “ta” a Mutadarik, kalmomi irin su wata, fita, mata (gare ta), ɓata (ɓacewa), ambata da tabbata za su shiga, amma “fata” da “huta” ba za su shiga ba, domin gaɓarsu ta farko mai nauyi ce. Idan jerin bai kai ba, ka sauya amsa-amo tun kafin ka yi nisa. Ka kuma guji maimaita kalma ɗaya a amsa-amo a baitoci makusanta.

Mataki na shida: rubuta, sannan ka tace

A zubin farko ka bar alƙalami ya tafi, kada ka tsaya gyara. Aikin gaske yana cikin tacewa, kuma ga misalin yadda ake yin ta. A ce baitin farko ya fito haka:

Na bar ƙirgar kwanan wata,
Don ba ranar da ake fita.

Karin ya daidaita, amsa-amon ma ya zauna, amma ɗango na biyu bayani ne kawai, ya gaya wa mai sauraro abin da ya riga ya gane daga na farko. Idan aka cire bayanin aka sa abin da ido yake gani, sai a samu wannan, tare da baitocin da suka biyo baya:

Na bar ƙirgar kwanan wata,
Zanen bangon ma ya ɓata.

Takalman nan da na sai mata,
Yau sun yi kaɗan, ta tabbata.

Ta san sunan duk 'yan gida,
Sai nawa da ba ta ambata.

Ba na ɗaga kai daga shimfiɗa,
In an ce ga wani zai fita.

A cikin waɗannan ɗangogi takwas babu kalmar baƙin ciki, babu hawaye, babu ma kalmar kurkuku, amma an san inda mai maganar yake, an san ya daɗe, an san abin da ya rasa. Takalman sun ɗauki aikin ƙirgar shekaru, domin ƙafar yarinya tana girma ko mahaifinta yana nan ko ba ya nan. Ka lura kuma da baitin farko, wanda ƙafafunsa uku na farko duk gaɓoɓi ne masu nauyi, da yadda baitin takalma ya ɗan yi sauri a “da na sai” da “yi kaɗan”, inda tunanin gida ya shigo.

Da wannan ma'auni za ka bi sauran baitocinka. Duk inda ka ga sunan wani yanayi na zuciya, kamar takaici ko ƙunci ko damuwa, ka tambayi kanka wane aiki ne ko wane abu ne zai nuna shi, ka bar irin waɗannan kalmomi sau ɗaya ko biyu kawai a duk waƙar, a inda suka fi tasiri. Adon harshe ma haka: tsuntsu a keji da kabarin masu rai da dare marar wayewa an yi amfani da su har sun dusashe, don haka ko ka bar su, ko ka juya su ta fuskar da ba a saba ba. Mutuntarwa tana aiki sosai a nan, domin wanda ya rasa abokin hira yana mai da ƙofa da bango da makulli mutane, amma ka tsaya kan abu ɗaya ka raya shi, kada kowane baiti ya zo da sabon hoto. Saɓi-zarce, wato a bar magana ta tsallaka daga baiti zuwa wani kafin ta cika, yana da amfani a wurin da ake nuna jira, sai dai idan ya yawaita yana wahalar da mai rerawa.

Mataki na bakwai: buɗewa da rufewa da gwaji

Rubutacciyar waƙar Hausa ta saba buɗewa da ambaton Allah da salati, ta rufe da addu'a da sunan marubuci. Kana iya bin wannan tsari, kuma zai fi armashi idan ka sa mabuɗin a bakin ɗaurarren kansa, ya zama roƙon wanda yake cikin ƙunci, maimakon baitin al'ada da aka liƙa a sama. A wajen rufewa, kada ka buɗe masa ƙofa don ka faranta wa mai sauraro, domin sakin da bai fito daga cikin waƙar ba yana rusa duk abin da ka gina. Ka tsaya a kan aiki na ƙarshe da mai maganar ya yi ko ya ƙi yi. Idan za ka sa sunanka a baitin ƙarshe alhali ba kai ka yi zaman ba, ka bayyana cewa murya ka ara, don kada a ɗauka kana da'awar wahalar da ba ka sha ba.

Bayan haka ka rera waƙar da murya, kana buga karin da hannu, domin duk inda harshenka ya yi tuntuɓe ko ka ja wasalin da ba dogo ba don ɗango ya cika, akwai karaya a wurin. Ka ajiye ta kwanaki, ka sake rerawa, sannan ka karanta wa mutum biyu: wanda ya san kari, da wanda ya san gidan yari. Na farko zai nuna maka inda ma'auni ya karye, na biyu zai nuna maka inda ka faɗi abin da ba haka yake ba. Idan waƙar ta ginu a kan labarin wani mutum na gaskiya, ka sauya duk abin da zai sa a gane shi ko iyalinsa, musamman idan shari'arsa ba ta ƙare ba, kuma ka karanta masa ita ya amince kafin ka fitar da ita.